Abin da Ido Zai Fara Gani

Duk wanda ya ratsa titunan Kano ko Kaduna a lokacin yaƙin neman zaɓe ya san fastocin nan da ake cika wa kaya har ido ya rasa inda zai sauka: hoton ɗan takara, da na ubangidansa, da na wanda ya ɗauki nauyin bugawa, ga kirari da launi huɗu. Akan ɗora laifin a kan mai zane. A ganina, galibi laifin na mai ba da aikin ne, domin shi ke tsayawa a bayan yaron da ke gaban kwamfuta yana cewa a ƙara wannan, a faɗaɗa wancan.

Aikin mai tsara zane shi ne yanke hukunci a kan abin da mai kallo zai fara gani, da abin da zai biyo baya, da abin da ya kamata a bari a waje. Direban da ke wucewa ta gaban allon talla ba shi da lokacin karanta jimla uku. Tutarmu ma darasi ce. Zanen da Michael Taiwo Akinkunmi ya ci gasa da shi a 1959 yana da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta, aka ɗaga kore da fari zalla ranar 1 ga Oktoba, 1960. Masu ba da aikin can ragewa suka yi, namu kuwa ƙari suka iya.

Abin da ke kan mai ba da aiki shi ne ya faɗi wa ake so saƙon ya isa gare shi, da inda za a kafa shi, sannan ya kawo rubutunsa gyararre. A nan ne masu Hausa muke shan kashi. Da yawa daga cikin salon haruffan da ke cikin CorelDRAW da makamantansa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai mai zane ya sauke ƙugiyar ya wuce. Ɗan takarar da ya yi nufin kishin ƙasa sai a wayi gari yana shelar kishin kasa, kuma an riga an buga dubbai. Akwai salon haruffa na kyauta, irin su Noto da Charis, da ke ɗauke da su duka. Wanda zai buga littafi ko katin ɗaurin aure ya sa wannan sharaɗi tun kafin a taɓa komai, kuma ya karanta samfurin da kansa, harafi bayan harafi.

Hoto kuma a kawo na asali. Wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, idan aka faɗaɗa shi a allo sai fuska ta dagargaje. Haka launin da ke sheƙi a fuskar waya da haske ake haɗa shi, na takarda kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗi kan fito a dushe daga maɗaba'a. A nemi gwajin bugu guda kafin a saki injin.

Sai batun kuɗi, wanda shi ke ɓata zumunci. A rubuta farashi, da kafin alƙalami, da yawan gyaran da aka amince, da ranar karɓa. A kuma fayyace ko fayil ɗin asali na tambarin zai koma hannun mai shi, domin ranar da zai so a buga shi a riga ko a jikin mota, wannan fayil ɗin za a fara tambayarsa.