A daina ado da gawar Walter Tull

Duk lokacin da Ingila ta tashi bikin tunawa da Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a ɗauko hoton Walter Tull a kaɗe masa ƙura. An buga shi a kuɗin fam biyar a 2014, an sa shi a kan sarki a 2018. Nufin dai a ce mana ƙasar da ta ba baƙar fata muƙamin hafsa tun 1917 ai ba a kira ta mai wariya. Tarihin mutumin kuwa cewa yake yi ƙarya ne.

Mahaifinsa kafinta ne da ya yi ƙaura daga Barbados. An haifi Walter a Folkestone a 1888, ya tashi a gidan marayu a Landan. Tottenham ta ɗauke shi a 1909, a shekarar kuma 'yan kallo a Bristol suka yi masa ruwan zagi saboda launinsa. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta ajiye shi a benci, ya koma Northampton a 1911. Da yaƙi ya ɓarke ya shiga soja a 1914, ya ga wutar Somme a 1916.

Masu yabo suna tsallake wani abu. A lokacin da aka ba shi laftanar, dokar sojan Birtaniya ta keɓe muƙamin hafsa ga masu jinin Turawa zalla. Ba a soke dokar ba, kau da kai aka yi domin yaƙi ya cinye hafsoshi. A Italiya ya jagoranci mutum 26 suka haye kogin Piave da dare, ya dawo da su lafiya. Wani hafsa ya rubuta wa danginsa cewa an ba da sunansa don lambar Military Cross. Har yau ba a ba shi ba. An kashe shi a Faransa ranar 25 ga Maris 1918, ba a kuma ga gawarsa ba.

Wani zai ce ai ko banza an sassaƙa sunansa a Arras. Haka ne. To ina sunayen kakanninmu na rundunar WAFF da suka yi yaƙin Kamaru da na Gabashin Afirka, waɗanda ko mafarkin zama hafsa ba a yarda su yi ba? A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba.

Jarumtar Tull tasa ce, ba ta daular da ta rubuta waccan doka ba. In da gaske ake girmama shi, a ba danginsa lambarsa, a kuma tono sunayen sauran.