Gyaran Kicin a Tsohon Gida: Ruwa da Hayaƙi Kafin Tayil

Kicin ne ɗakin da ya fi kowanne wuyar gyara a tsohon gida, domin a nan ne ruwa da wuta da lantarki da hayaƙi suke haɗuwa a ɗan ƙaramin wuri. A gidajen cikin birnin Kano da Zariya da Katsina wahalar ta ninku, saboda maginan da suka tayar da su ba su tanadi kicin irin na yau ba. Madafi rumfa ce a kusurwar tsakar gida, ko ɗan ɗaki mai murhun duwatsu uku. Ruwa yana cikin randa, wanke-wanke kuma a bakin rariya ake yin sa. Mai son sabunta wannan wuri zai shigar da famfo da gas da firij cikin ginin da ba don su aka yi shi ba.

Yawancin masu gida ta ƙarshe suke fara aikin. Sai a ga hoton kicin a waya, a kira kafinta da mai tayil, a yi ciniki, wadda za ta yi girkin kuma ba a tambaye ta komai ba. Alhali tsari daga aikinta yake tasowa: inda take ɗauko hatsi, inda take wanke nama, girman tukunyar da take ɗorawa, yawan bakin da take ciyarwa. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata a Frankfurt ta Jamus wani kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, bayan nazarin yadda aikin girki yake tafiya mataki-mataki. Shi ne ya zama tushen kicin mai jerin durowoyi da ake gani a yau. Abin koyi a wurinta shi ne lura da mai aikin, ba kwafar siffar ɗakin ba.

Akwai kuma ƙa'idar kusurwa uku da ta fito daga Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarun 1940: murhu, wurin wanke-wanke da firij su kasance kusa da juna, kowane biyu da tazarar mita 1.2 zuwa 2.7, kada hanyar wucewa ta ratsa tsakaninsu. Ƙa'ida ce mai amfani, amma an gina ta a kan mace ɗaya mai girki a tsaye. Girkin gidan Bahaushe ya bambanta. Kantar girki mai tsayin santimita 90 ta dace da yanka albasa da haɗa miya, amma ba a tuƙa tuwon mutum goma sha biyar a kanta. Tuƙi yana son tukunya a ƙasa, mai muciya a kan kujera 'yar tsugunno, ƙarfinta yana sauka daga kafaɗa. Turmi ma yana son daɓe mai ƙarfi da sarari a sama don tabarya, ga shi yana fasa tayil. Saboda haka tsarin da ya dace da yawancin gidajenmu kashi biyu ne: ɗaki rufaffe na gas da firij da ajiya, sai rumfa a jikinsa mai ƙaramin dakali don babbar tukunya, gawayi, daka da girkin suna ko biki. Rushe tsohon madafi gaba ɗaya asara ce. A gidan da mata suke karɓa-karɓar girki, kowace tana buƙatar ma'ajiyarta mai makulli, kuma wannan ma a zane ake sa shi tun farko.

Bayan an fahimci aikin, ruwa ne abu na farko da za a yanke wa hukunci, musamman hanyar fitarsa. Bututun shigowa yana iya bin ko'ina, amma na fita sai da gangare, kimanin santimita biyu a kowace mita, in ba haka ba maiƙo da guntun tuwo su toshe shi. Don haka wurin wanke-wanke yana zama a bangon da ya fi kusa da kwata ko ramin tsotse ruwa, sauran kaya su bi shi. A nisanta ramin daga rijiya da kuma gindin katanga, har da ta maƙwabci.

A nan ne ginin ƙasa yake da nasa sharaɗi. Bangon tubali yana daɗewa matuƙar ya bushe, amma ɗigon ruwa kaɗan a cikinsa yana narkar da shi a ɓoye. Ba a sassaƙa shi a binne bututu; a bar bututun a fili inda za a ga yoyo da wuri. Manna tayil ko yaɓen siminti kai tsaye a kansa yana tsare danshi a ciki, har wata rana yaɓen ya ɓanɓaro da ƙasar. Ya fi kyau a tayar da siririn bango na bulo a gabansa, shi ya ɗauki tayil da nauyin kanta. Durowoyin sama kuwa bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusoshinsu.

Haka nan batun fasa bango don a faɗaɗa wuri. A soron azara, azarar giginya ba ta cika ƙetare fiye da mita biyu ba sai da tallafi, shi ya sa kusan kowane bango yana ɗauke da rufi. Kafin a taɓa shi sai an kira maginin da ya san ginin ƙasa, ko injiniya idan na bulo ne, a tokare rufin, a sa linta. A tsofaffin gidajen ma'aikata kuma akwai silin da rufin asbesto, wanda ƙurarsa take jawo cutar huhu da sankara idan aka yanka shi ko aka fasa.

Sai wuta da iska. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan uku a shekara, mata da yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Tsohuwar rumfa tana da kariyar da ba a lura da ita ba: a buɗe take. Da zarar an rufe ta da bango huɗu da silin, kariyar ta tafi. Kicin yana buƙatar taga biyu a bangaye daban-daban, da ƙofar hayaƙi can sama. Gawayi bai kamata ya shiga ɗaki rufaffe ba, domin yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo a ƙasa yake taruwa. Don haka tukunyarsa tana zama a tsaye a waje, cikin inuwa, a keji mai shan iska, ba cikin durowa ba. Kada murhu ya zauna a bayan ƙofa ko ƙarƙashin tagar da iska ke kashe wuta. Tagar gabas tana shan ruwan hadari, bangon yamma kuma yana ɗaukar zafin la'asar, bai dace da firij ba.

Ta fannin lantarki kuwa, tsohon wayarin an yi shi ne don ƙwan fitila da fanka. Kicin yana son layinsa na kansa da wayar ƙasa, soket kuma nesa da famfo.

Durowa da tayil su ne na ƙarshe. Katakon da aka matsa daga garin itace yana kumbura da ruwa, tsofaffin gidaje kuma ba su rabuwa da gara. Kanta ta kankare da aka ɗaga ƙasanta daga daɓe ta fi ƙarko. Tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi, saboda mai da ruwa.

Idan kuɗi ba su isa a yi duka lokaci guda ba, a kashe su a kan magudanar ruwa, bango, taga da wayarin, a ci gaba da ajiye kwanuka a tsohuwar kanta har a samu hali. Kafin a sa hannu a aljihu kuma, maigida ya zana tsarin da alli ko toka a kan daɓen, uwargida ta yi girkin kwana biyu a cikin zanen, duk inda ta ce ya matse a gyara shi tun ba a sayi siminti ba.