Matan da Ke Ɗinke Ɓaraka: Hakkinsu a Kanmu



Ya kai ɗan'uwa mai karatu a Matamaye da kewaye, Allah Ya rufa mana asiri da zaman lafiya, amma gemun maƙwabci ya kama wuta. Tun Fabrairun 2015 da Boko Haram ta auka wa Bosso da Diffa, jama'ar gabas ba su huta ba. A 2019 kuma dubban mutanen Zamfara da Sakkwato suka tsere wa 'yan bindiga zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma tukunyar matan gari ce ta fara karɓar su.

Malamai sun sanya ciyar da mayunwaci da sulhunta masu husuma cikin farillan kifaya: in wasu suka tsaya, an ɗauke wa saura, in kowa ya noƙe, kowa ya yi laifi. Matan da ke haɗa asusu, suna riƙe marayu, suna shiga tsakanin gidan manomi da na makiyayi, nauyinka suke saukewa.

Wani zai ce ƙungiyar mata baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Tarihi bai yarda ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru bayan yaƙe-yaƙen jihadi, tana tura jajis ƙauyuka su karantar da mata. Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, a kan adashen iyayenmu aka gina ta. Abin dubawa shi ne aikin ya tsaya cikin iyakokin shari'a.

Ka tuna kuma, uwa ce ke fara ganin ɗanta ya shigo da kuɗin da ba a san tushensu ba. In tana da zauren da za ta faɗa, an kashe wutar tun tana ƙarama.

Saboda haka, maigida, ka ba iyalinka izinin halartar taronsu. Liman, ka ambace su a huɗuba. Mai hali, ka sa asusunsu cikin sadakarka. Ke kuma 'yar'uwa, ki tsarkake niyya, ki riƙe amanar kuɗin jama'a, ki tsare sirrin wadda ta kawo kuka.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.