Rigimar Magoya Bayan Buffalo: Laifin 'Yan Wasa Ne Ko Na Manya?

Ran Alhamis 26 ga watan Maris na 2015 wani abin mamaki ya faru a birnin Buffalo da ke Jihar New York ta ƙasar Amurka. Ƙungiyar wasan hoki ta garin, wadda ake kira Sabres, ta karɓi baƙuncin ƙungiyar Arizona Coyotes a filinta. Aka tashi uku da uku, aka shiga ƙarin lokaci, sai baƙi suka jefa ta huɗu. Maimakon filin ya yi tsit, sai wani sashi na 'yan kallo, 'yan gari fa, suka ɓarke da sowa da tafi, suna murna an cinye ƙungiyarsu a gida. Ɗaya daga cikin 'yan wasan baya, Mike Weber, ya gaya wa 'yan jarida a daren nan cewa bai taɓa ganin lalacewa irin wannan ba.

Tun daga wannan dare magoya bayan ƙungiyar suka rabu gida biyu, kuma gardamarsu ta shekara goma tana gudana, domin ƙungiyar ta yi shekara 14 a jere, daga 2012 zuwa 2025, ba ta shiga zagayen neman kofi ba. Babu ƙungiyar da ta taɓa daɗewa haka a tarihin gasar NHL. Waɗanda suka riƙe wannan kambun kunya kafin ita, watau Florida da Edmonton, shekara goma-goma suka yi.

Mai karatu da ya saba da ƙwallon ƙafa zai so a yi masa bayani tukuna, don in ba haka ba sai ya ɗauka mutanen Buffalo sun zautu. Hokin nan a kan ƙanƙara ake yinsa, mutum shida-shida har da mai tsaron gida, da sanduna masu lanƙwasasshen kai da wani ɗan faifan roba a madadin ƙwallo. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, na Amurka da na Kanada, kuma rabinsu ne ke wucewa zagayen neman Kofin Stanley. Babban bambancin shi ne ba a korar kowa zuwa rukuni na biyu. A ƙwallon ƙafa wanda ya zo na ƙarshe ya faɗi ke nan. A nan kuwa lada ake ba shi. Kowace shekara akan jera matasan da suka isa shiga gasar, ƙungiyoyi su zaɓa bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ne a gaban layi. Bugu da ƙari, tun 2005 akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta biya albashi, saboda haka mai kuɗi ba ya iya kwashe gwanaye duka. Ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi ba, sai dai musaya, ba ni gishiri in ba ka manda: a ba da mutum a karɓi mutum, ko a karɓi gurbin zaɓen matasa na shekara mai zuwa.

To, a 2015 akwai wani yaro ɗan Kanada mai suna Connor McDavid wanda masana suka ce an daɗe ba a ga irinsa ba, da wani ɗan Amurka, Jack Eichel, wanda ke biye da shi. Bisa ƙa'idar wancan lokaci, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe lalle ne ta sami ɗaya daga cikinsu. Buffalo da Arizona ne ke rige-rigen zama na ƙarshe. Asalin tafin daren nan ke nan.

Ba da ka aka shiga wannan hali ba, da gangan aka yi. Attajirin nan Terry Pegula, wanda ya yi arziki da haƙar iskar gas, ya sayi ƙungiyar cikin watan Fabrairu na 2011, ya kuma yi alkawari a bainar jama'a cewa daga ranar nan ba ta da wata manufa sai cin Kofin Stanley, kofin da ba ta taɓa ɗauka ba tun kafa ta a 1970, ko da yake ta kai wasan ƙarshe a 1975 da 1999. Ya zuba kuɗi, abin bai yi ba. A 2013 aka sallami Lindy Ruff, mai koyar da 'yan wasa tun 1997, sa'an nan janar manaja Darcy Regier ya faɗa wa jama'a ƙiri-ƙiri cewa sai sun yi haƙuri da ɗan shan wuya kafin a ga daɗi. Aka shiga rabuwa da manyan 'yan wasa: Jason Pominville ya tafi Minnesota, Thomas Vanek ya tafi New York Islanders, mai tsaron gida Ryan Miller ya tafi St. Louis. Shi kansa Regier bai kai ƙarshen shekarar ba aka sallame shi. Magajinsa Tim Murray ya ɗora daga nan, har ma a farkon 2015 ya musanya masu tsaron gidansa biyu, Jhonas Enroth da Michal Neuvirth, cikin 'yan makonni, abin da ya sa masu ba'a suka ce laifinsu shi ne suna tare ƙwallo.

An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Buffalo ta zo ta ƙarshe a 2014 da maki 52, ta sake zuwa ta ƙarshe a 2015 da maki 54. Amma zaɓin farko da ƙuri'a ake fitar da shi, kuma rabon Buffalo a cikin ƙuri'ar kashi 20 ne kawai cikin 100. Ƙuri'a ta faɗa kan Edmonton, ta ɗauke McDavid. Buffalo ta ɗauki Eichel.

Masu goyon bayan rushe ƙungiya a sake gini suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Sukan kawo misalin Pittsburgh, wadda ta yi shekaru a ƙasa, ta sami Sidney Crosby a 2005, ta ci kofi a 2009. Sukan kawo Chicago, wadda ta zaɓi Jonathan Toews a 2006 da Patrick Kane a 2007, ta ci kofi a 2010. Suka ce gari irin Buffalo, mai tsananin sanyi, wanda manyan 'yan wasa ba sa ɗokin zuwa, ba shi da wata hanyar samun gwani sai ta zaɓen matasa. A ganinsu zama a tsakiya, ba a sama ba a ƙasa, shi ne mutuwar tsaye.

Ɗaya ɓangaren kuwa cewa suke yi shan kashi ɗabi'a ce, in aka koya wa ƙungiya ita ba a raba ta da ita da sauƙi. Yaron da ya shigo ya tarar ba wani dattijon ɗan wasa da zai nuna masa yadda ake cin wasa, ya tarar jama'a na tafi in an cinye su, me zai koya? Su ma sun sami shaida daga bakin mai ita. Cikin watan Afrilu na 2018, bayan Buffalo ta sake zuwa ta ƙarshe, Ryan O'Reilly, ɗaya daga cikin ginshiƙan ƙungiyar, ya ce 'yan wasan sun saba da faɗuwa har ba ta damunsu, kuma shi kansa akwai lokutan da son wasan ya fita daga ransa.

Abin da ya biyo bayan wannan magana shi ne ya fi ƙona ran mutanen Buffalo. Ran 1 ga watan Yuli na 2018 sabon janar manaja, Jason Botterill, ya ba St. Louis O'Reilly. Shekara ba ta cika ba St. Louis ta ci Kofin Stanley, karo na farko a tarihinta, aka kuma zaɓi O'Reilly gwarzon zagayen kofin. Cikin waɗanda Buffalo ta karɓa, Patrik Berglund ya bar ƙungiyar tun kafin ƙarshen 2018 aka soke kwantiraginsa, wani dogon yaro mai suna Tage Thompson kuwa ƙwallo bakwai kacal ya jefa a shekararsa ta farko. Babu sunan da ba a kira wannan musaya da shi ba.

Sai batun Eichel, wanda aka ƙona rumbu dominsa. A 2017 aka ba shi kwantiragin shekara takwas a kan dala miliyan 80, daga baya aka naɗa shi kyaftin. A 2021 ya ji ciwo a wuya, aka shiga jayayya a kan irin aikin da za a yi masa. Shi yana so a sa masa faifan wucin-gadi tsakanin ƙasusuwan wuyan, aikin da ba a taɓa yi wa ɗan wasan NHL ba a lokacin, likitocin ƙungiya kuma suka ce sai dai a haɗe ƙasusuwan kamar yadda aka saba. Bisa yarjejeniyar gasar, maganar ƙungiya ce ta ƙarshe. Aka yi watanni yaro na zaune da ciwo, aka karɓe kyaftin ɗin, sa'an nan ran 4 ga watan Nuwamba na 2021 aka ba Vegas shi. Vegas ta bar shi ya yi aikin da yake so, ya dawo wasa cikin watan Fabrairu, a 2023 ya ɗaga kofi, kuma shi ya fi kowa maki a zagayen kofin na shekarar. A wasan ƙarshen nan kuwa Florida suka doke, inda Sam Reinhart yake, wanda Buffalo ta zaɓa na biyu a 2014 ta kuma rabu da shi a 2021. Reinhart ya jefa ƙwallo 57 a shekarar da ta biyo, shi ya jefa ƙwallon da ta ba Florida kofi a 2024, suka sake ɗauka a 2025. Duka sau biyun nan Edmonton ta McDavid suka kayar.

A nan ne gardamar ke kaucewa hanya. Kowane ɓangare yakan ɗauki waɗannan sunaye ya ce sun gaskata shi, alhali in aka duba da kyau ba wanda suka gaskata gaba ɗaya. Rushewar ta kawo abin da aka yi ta dominsa, tun da Eichel da Reinhart sun nuna a wasu garuruwa cewa da su ana cin kofi. Ashe ba kayan gini aka rasa ba. Kazalika ba kowace musaya ce ta zama asara ba. Thompson ɗin da aka yi wa dariya, da Don Granato ya karɓi koyarwa ya mayar da shi ɗan wasan tsakiya, sai ga shi ya jefa 38 a kakar 2021 zuwa 2022, ya jefa 47 a ta gaba. A musayar Eichel aka samo Alex Tuch, ɗan Jihar New York wanda tun yana yaro Sabres yake so, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi dogara da su. Mai yanke wa musaya hukunci a shekararta ta farko sau da yawa yakan ji kunya.

Inda gizo ke saƙar shi ne a sama. Tsakanin tafiyar Ruff a 2013 da dawowarsa a 2024, mutum shida suka koyar da ƙungiyar: Ron Rolston, Ted Nolan, Dan Bylsma, Phil Housley, Ralph Krueger da Granato. In ban da Granato ba wanda ya wuce shekara biyu. Pat LaFontaine, tsohon tauraron ƙungiyar da aka ɗauko a ƙarshen 2013 ya shugabanci harkokin wasa, wata huɗu bai cika ba ya ajiye aiki. An sallami Murray a 2017, an sallami Botterill a 2020 tare da masu farautar matasa da dama, watau mutanen da ƙungiya mai dogara da zaɓen matasa ta fi bukata. Aka ba Kevyn Adams kujerar, tsohon ɗan wasa ne amma daga sashen kasuwanci na ƙungiyar aka ɗauko shi, bai taɓa riƙe irin wannan aiki ba. Kowane sabon manaja ya zo da nasa tsari da nasa mutane, ya ga na wanda ya gada ba su yi masa ba. Murray ma, bayan ya gama rushewa, gaggawa ya yi, ya ba da matasa da guraben zaɓe don ya sayo manya tun kafin yaran su nuna. Duk waɗannan naɗe-naɗe da sallama kuwa daga hannu ɗaya suka fito, hannun mai ƙungiya, wanda ba mai sallamarsa.

Ya kamata dai a yi wa Pegula adalci. Ba marowaci ba ne a farkon zuwansa, kuma a garin da ake tsoron a kwashe ƙungiyoyi a kai su manyan birane, sayen da ya yi wa Sabres da kuma Buffalo Bills a 2014 ya kwantar da hankalin jama'a. Akwai kuma rashin sa'a. Cikin watan Nuwamba na 2018 ƙungiyar ta ci wasa goma a jere har ta hau saman gasar, sa'an nan ta sulale. A 2023 da maki ɗaya tak ta rasa shiga zagayen kofi, tana da 91, Florida na da 92, kuma Florida ɗin nan ce ta kai wasan ƙarshe. Da maki ɗayan nan ya juya, da wataƙila wata gardamar ake yi daban. Amma sa'a ba ta isa ta bayyana wasa 18 a jere ba nasara a 2021 ba, ko wasa 13 a ƙarshen 2024.

Ana cikin waɗannan 13 ne Adams ya tara 'yan jarida ya ce gwanaye ba sa zaɓar Buffalo, domin garin ba shi da itatuwan dabino irin na jihohin ɗumi, sai haraji. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, tun da Florida ba ta karɓar harajin albashi na jiha, New York kuwa tana karɓa. Amma jama'a ba su karɓe ta ba. Suka ce garin Winnipeg ya fi Buffalo sanyi, ga shi ƙungiyarsa na shiga zagayen kofi. A wasannin da suka biyo sai ga 'yan kallo da itatuwan dabino na roba da aka hura wa iska, suna ɗagawa suna kiran a kori Adams.

Cikin watan Disamba na 2025 aka sallame shi, aka naɗa Jarmo Kekalainen, ɗan ƙasar Finland wanda ya riƙe Columbus daga 2013 zuwa 2024. Shi ne janar manaja na biyar a zamanin Pegula. Ya tarar da Ruff a kujerar koyarwa, ya tarar da Thompson da Tuch, da kuma kyaftin Rasmus Dahlin, wanda aka zaɓa na farko a 2018, wanda kuma zuwa lokacin ya shekara bakwai a gasar bai taɓa buga wasan zagayen kofi ko ɗaya ba.