Tsaron Fuska A Wurin Aiki A Ƙasar Sin

Makon nan zancenmu a kan mutanen Sin ne, da abin da su ke kira "fuska". Cikin 1944 wata malama tasu, Hu Hsien-chin, ta bayyana cewa fuskar nan iri biyu ce. Ta fari "liyan", watau mutuncin da halin kirki ke jawo wa mutum. Ta biyu "miyanzi", watau girman da ya ke samu ta wajen muƙami ko gwaninta.

To, ga inda abin ya ke ciwo. Yaro ya ga kuskure cikin lissafin maigidansa, sai ya yi shiru, don gyara babba a gaban jama'a zubar masa da fuska ne. Babba kuwa in wani abu ya shige masa duhu, ba ya tambaya, kada a ce bai sani ba. Gwani kuma ya kan rage wani abu bai koyar ba. Har suna da tatsuniya, wai kyanwa ta koya wa damisa kome, amma ta ɓoye mata hawan itace, ran da damisa ta tasam mata da shi ta tsira. Ta haka kuskure ya kan kwana har ya zama hasara.

Amma kada a ce haka magabatansu suka hore su. Babban malaminsu Konfushiyas, wanda ya rasu shekara 479 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yabi wani hakimi don ba ya kunyar tambayar na ƙasa da shi. Fuskar nan kuma ita ke sa wani ya koyar, don a san shi da gwaninta.

Abin ya shafe mu, gama kamfanin Sin ne ya gina hanyar jirgin ƙasa ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe cikin 2016, samarinmu kuwa suna aiki tare da su. Shawarata, in za ka yi gyara, ka sami mutum shi kaɗai. In ya koya maka, ka yabe shi a gaban mutane, gobe ya ƙara maka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Allah ya sa mu gane. Haza wasalam.