Tsamin nono ba ya kashe kowace ƙwayar cuta: abin da ya kamata ku sani kafin damina ta yi nisa

Duk shekara idan ruwa ya sauka, asibitocin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa kan cika da masu gudawa da atuni. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Tambayar da majinyata ke yawan yi mana ita ce: tunda tumbi na da asid mai ƙarfi, ta yaya ƙwayar cuta ke wucewa da rai?

A ma'aunin tsami na pH, ruwan tumbi kan sauka zuwa 2 ko ƙasa. Wannan na kashe akasarin bakteriya. Amma E. coli da Shigella, mai kawo atuni, suna da dabara. Sukan ja glutamate, ɗaya daga cikin ƙananan tubalan da furotin ke ginuwa da su, wato amino asid. A cikin jikinsu sai su gutsure wani ɓangarensa, kuma kowace gutsurawa tana cinye ɗigon asid ɗin da ya kutsa musu. Abin da ya rage su tura shi waje, su karɓi sabo. Wasu da arginine ko lysine suke yin haka. Shi ya sa ƙwayar Shigella 10 zuwa 100 kacal ta isa ta kwantar da yaro.

Ƙwayar kwalara ba ta jure asid sosai. Sai mutum ya haɗiyi miliyoyi kafin ya kamu, muddin tumbinsa na aiki daidai.

Wannan ya shafe ku ta hanya biyu.

Na farko, nonon da ke fitowa daga rugagen gefen dajin Falgore abinci ne mai kyau, amma tsaminsa bai kai na tumbi ba. Ƙwayar da ta jure tumbi za ta jure ƙwarya. Hasali ma, zama cikin ɗan tsami yana horar da ita kafin ta isa cikinku. Idan an sirka nono ko an dama fura da ruwan rafi, ko na magudanun da ke fitowa daga madatsar Tiga, tsamin ba zai tsarkake shi ba. Tafasa madara kafin a kwana da ita, da tafasasshen ruwa wajen damu, su ne kariya.

Na biyu, masu shan jiƙon kanwa saboda ƙwarnafi, da masu sayen omeprazole a kemis suna sha wata da watanni ba tare da ganin likita ba, suna rage asid ɗin da ke tsaronsu. A irin wannan tumbi, ƙwayar kwalara kaɗan ta isa. Idan likita ne ya rubuta muku maganin, kada ku daina, sai dai ku ƙara kula da ruwan sha.

Kada ku guji nama, wake ko daddawa don suna da glutamate. Ƙazantaccen ruwa da hannun da ba a wanke ba su ne ƙofar cutar.

Idan gudawa ta fara, ku ba da ORS nan take, yara kuma a haɗa musu da zinki na kwana 10 zuwa 14. In kun ga jini a kashi, ko gudawa fara kamar ruwan shinkafa, ko idanu sun faɗa, ku garzaya asibiti mafi kusa, kada ku jira gari ya waye.