A Dabai, ƙasa ce za ta zaɓi garma

Duk lokacin da aka yi maganar sayen tarakta a ƙasar nan, tambaya ɗaya ake yi: ƙarfin doki nawa ce? Garmar da za ta ja kuwa, sai a bar wa dillali ya haɗa duk wadda ta samu. A ganina an juya lissafin ne. Kamata ya yi a fara duba ƙasar da za a huɗe, ita ta faɗi irin garmar da girmanta, sannan a nemi taraktar da za ta iya janta. Ƙasar Dabai da sauran gonakin masarautar Zuru sun isa hujja, domin cikin tafiyar da ba ta kai awa guda ba mutum zai taka jigawa mai yashi, ya hau tudu mai tsakuwa da marmara a gindin duwatsu, ya gangara fadama mai laka inda ake shinkafa da rake.

Ɗauki Massey Ferguson 375, wadda kusan kowane manomi a Arewa ya sani. Ƙarfin doki 75 gare ta, amma wannan ƙarfin injin ne. Kafin ya isa ga garma, kashi mai yawa ya salwanta a giya da tayoyi da santsin ƙasa. Shi ya sa masu harkar ke ƙiyasta doki 20 zuwa 25 ga kowane faifai, wato garma mai faifai uku ita ce daidai da ita a ƙasa matsakaiciya. A jigawa tana iya jan huɗu, har ma sau da yawa haro kaɗai ya wadatar. A lakar fadama kuwa, musamman kafin ruwa ya ratsa ta, ukun ma nauyi ne. Idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, alamun ba sa ɓuya: baƙin hayaƙi na tashi, tayoyin baya na juyawa wuri guda suna haƙa rami, direba na taka kuloci ba ƙaƙƙautawa. Daga nan sai ya ɗaga garma don motar ta samu tafiya. Manomi ya hango gona ta yi ja ya ɗauka an gama, alhali da zai soka sanda zai tarar huɗar ba ta wuce tsawon yatsa ba, maimakon santimita 20 zuwa 25 da ake so. Bayan mako biyu ciyawa ta dawo, saiwar masara ta tarar da ƙasa mai tauri.

A tudun Dabai akwai ƙarin dalili. Garma mai faifai tana mirginawa ta haye dutse ko kututture, inda mai baki irin ta shanu za ta kafe ko ta karye. Kuma ƙasar gangare ba ta da kauri. Wanda ya saka babbar garma ya nutsa ta, yana juyo tsakuwa sama ne, ruwan Agusta kuma ya kwashe ƙasar kirki ya kai rafi. Lelna, mutanen yankin, da suka shekara aru-aru suna noman waɗannan tuddai da hannu, har samari na yin golmo, wato noman neman aure, a gonar surukai, sun san inda ake nutsa garma da inda ake sassautawa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mai tarakta zai ce lokacin huɗa gajere ne, manoma na layi, kuma da hekta ake biyansa, don haka faɗin garma shi ne riba. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, sai dai lissafin bai cika ba. Taraktar da ke jan abin da ya dace da ita tana tafiya da sauri ba tsayawa, wadda aka yi wa lodi kuwa tana rarrafe, tana shan man gas, tayoyinta na cinyewa. Ranar da kuloci ya ƙone a watan Yuni, kwanakin da za a yi ana jiran kayan gyara daga Kontagora ko Kano sun cinye duk abin da faifai na huɗun ya ƙara. Wani kuma zai ce manomi ɗan haya ne, ba shi da ta cewa. Yana da ita: kuɗinsa ne, kuma ba wanda ya hana shi auna zurfin huɗa kafin ya biya.

Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru tana nan kusa, ga kuma malaman gona na hukumar raya noma ta jiha, wato KARDA. Ba abu ne mai wuya ba su fitar da takarda guda, da Hausa da C'lela, harshen Lelna, mai nuna irin garmar da ta dace da kowace ƙasa a yankin, su kuma horar da direbobi kan saita ta. Ƙungiyoyin manoma da ke tara kuɗin tarakta kuwa, kafin ku je wurin dillali, ku zagaya gonakin membobinku tukuna, ku ware kuɗin garma biyu da haro ko da zai sa ku sayi taraktar da ba ta kai ta maƙwabta girma ba.